Ta Faɗo Daga Ragaya da Faifaina a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ba ta karaya ba, domin ba a taɓa ganin ranar da ta karaya ba, ni Sama'ilu Barden Noma na gabashin Tsanyawa nake sanar da 'yan'uwa, surukai, abokan arziki da masu hassada rasuwar na'urar saka faifan sidi ta gidana, wadda aka fi sani da Ta-Tsakiya. Ta rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan doguwar hidima da gajeriyar faɗuwa. Shekararta tara a hannuna.

Ni ban yi boko ba, kuma bokon ne ya yi asara. Malam Yahya, tsohon hedimasta, maƙwabcina, shi ke riƙe da biro. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. In kun ci karo da wata kalma mai laushi, tasa ce.

Marigayiya ta zo gidan nan ta hannun ɗana Basiru, wanda ke tuƙa wani malamin jami'a a Rijiyar Zaki. Malamin ya koma sauraron kiɗa a waya, kamar yadda mutane ke lalacewa in sun ji daɗi, ya ce zai rabu da ita. Na ba da rago. Ba ragon layyar attajiri ba, ba kuma irin wanda ake jin nauyin ɗaure shi a ƙofar gida ba. Malamin da kansa ya ce a ƙasar da aka ƙera ta akwai waɗanda suka ninka ta tsada sau goma, akwai kuma na banza da ake tarawa kamar tumatir a Sabon Gari. Ita tana tsakiya. Daga nan sunan ya bi ta. Ni kuwa na ce waɗanda suka sayi masu tsadar sun sayi suna ne, ni na sayi murya.

Baƙa ce, mai nauyi, marar kwalliya. Ba ta da fitilu masu rawa irin na 'yan kwanan nan. Ido ɗaya gare ta, kore, mai natsuwa. In ka taɓa ta sai ta ce “ziiiii,” ta miƙo harshe a hankali kamar amaryar da aka koya wa ladabi, ta karɓi faifai, ta ce “ƙyat,” sannan ta yi shiru na numfashi uku. A cikin shirun nan ba a tari a ɗakina. Ba ta son gaggawa. Sai an kunna ta an bar ta ta ɗumama gwargwadon shan kofin koko, in ba haka ba muryarta takan fito da sanyi-sanyi kamar wanda aka tasa daga barci.

Ganga a bakinta ganga ce, ba bokiti ba. Kalangu in ya yi magana za ka ji inda makaɗi ya matse hammata. In mai wa'azi ya haɗiye yawu, da kai za a haɗiye. Malam Yahya, wanda ke rubuta wannan yana taɓe baki, ya shekara tara yana cewa duk na'ura ɗaya ce, wai kunnena ne ke yi mini gizo. Wata Juma'a ya tara dattawa a gindin ɗorawa, aka naɗe mini ido da rawanina, ana kunna ta, ana kunna rediyon motar Basiru, wai in bambance. Na canka sau huɗu cikin goma. Sauran shidan akuya ce ke kuka a bayana, kowa ya ji. A rubuta haka, Malam.

Ba zan ɓoye aibinta ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Tana da girman kai. Faifan da ya karce ba ta karɓa, sai ta juya shi sau biyu ta tofar. Faifan fim kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Na fahimce ta, domin ni ma ba kowane tuwo nake ci ba.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku. Shekara biyu bayan farin da ya kwashe shanu, farin da ya kori maza zuwa kudu ni kuwa ban gusa ko taku ɗaya ba, aka yi gayya a gonar dagaci. Mu saba'in ne da garma. Tanko mai gangar noma yana biye da ni yana kirari: “Sama'ilu na Aina'u, kunya arba'in kafin hantsi, ƙasa ta gan ka ta kwanta!” Wani mutum daga birni ya zo da rikoda ya ɗauka, ya bar mini kaset. Tanko ya rasu. Cikin saba'in ɗin nan ni kaɗai na rage, kuma har gobe ina cin rake da haƙorana. Kaset ɗin ma rediyo ta tauna shi, amma kafin nan Basiru ya kai an juye shi a faifai guda ɗaya. Ya sha roƙona in ba shi ya je ya ƙara wani, na hana, don faifaina ba zai hau bas a cusa shi tsakanin buhu da kaji ba. Malam Yahya ya ce a rubuta cewa kuskure ne. Ban ce ba.

Na saurari faifan nan a na'urori uku kafin ita, duk ganga da hayaniya kawai suke ba ni. Ranar da Ta-Tsakiya ta fara karɓarsa, ana cikin kirari na biyu, daidai inda Tanko ya ja numfashi, sai na ji wani abu can baya, ta wajen hagu, nesa kamar daga bakin rijiya. “Ayyuririiii!” Guɗa ce. Guɗar Aina'u ce, matata, uwar 'ya'yana, wadda ta kawo mana fura ran nan da goyon fari a bayanta. A lokacin shekararta shida da rasuwa. Ni ban ma san ta yi guɗa a ranar ba, ina can gaba ina kayar da maza. Shekara arba'in muryar tana kwance a ƙarƙashin ganga, babu wanda ya tono ta sai wannan baiwar Allah. Ban yi kuka ba. Hayaƙin murhu ne ya shigo ɗakin.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai na saka. Sai dai marigayiya tana da abokin gaba guda, shi ne turmi. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya, kuma ƙasar nan tana kai saƙo. Da taɓarya ta sauka ko a gida na uku ne, sai ta yi tuntuɓe: “Sama'i, Sama'i, Sama'i,” ta tsallake, kuma ba ta tashi tsallakewa sai a kan guɗar. Don haka na kafa doka: babu daka a unguwar nan daga la'asar har a gama faifai. Fauziyya matar Basiru, wadda ke zaune a gidana, ta ce, “Baba, to tuwon dare faifan zai tuƙa mana?” Na ce mata wanda ya ci rama ba gishiri shekarar fari ba a yi masa barazana da tuwo. Maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa har sau biyu. Mai unguwa ya zo, na zaunar da shi, ya saurara, ya fita ya bar dokata yadda take. Sai dai matan ba su daina ba, satar daka suka koma yi, bugu ɗaya-ɗaya kamar masu gwada ni.

Na ɗora ta a kan katifa, ba ta daina tuntuɓe ba. Na cika kwano da yashi na ɗora ta, ta rage amma ba ta bari ba. Sai wata rana ina kwance na ɗaga kai na ga ragayar Aina'u, wadda take rataye ƙwaryar nono don kada kyanwa ta kai. Na ce to, abin da bai taɓa ƙasa ba, ina ƙasa za ta kai masa saƙo? Na sa faranti a cikin ragayar, na ɗora marigayiya, ta koma lilo tsakanin sama da ƙasa. Wallahi ko mata goma suka yi lugude a tsakar gida ba ta ƙara tuntuɓe ba. Muryarta ma ta ƙara buɗewa, Aina'u ta matso kusa da kamar taku biyar. Malamin jami'ar da Basiru ya nuna masa hoto ya ce Turawa na kashe dukiya a kan abin da na yi da igiya. Ban yi mamaki ba. Na janye doka, aka yi sulhu, shekara shida ana daka ana kiɗa.

Abin da ban duba ba shi ne azarar da ragayar ke rataye a jiki. Gara ta cinye cikinta ta bar mini fata. Ni da na gane maciji a cikin dami tun kafin ya motsa, ni da ya sara sau biyu ya mutu ni na tashi, gara ta yi shekara shida tana aiki a saman kaina.

Ranar Talata na kunna ta da hantsi, ba lokacinta ba, don raina ya so. Ta ce “ziiiii,” ta ce “ƙyat.” Tanko ya fara. Ya kai kirari na biyu, ya ja numfashi. Sai “ƙaƙas,” sai “tim.” Na tarar da ita a ƙasa ta gefe ɗaya, bakinta a rufe gam, faifaina a ciki. Idonta ya kawo sau ɗaya, ya nuna wani rubutu. Na aika aka kira Malam Yahya ya karanta, ya ce wai tana cewa babu faifai. Wannan ce ƙaryarta ta farko, kuma ta ƙarshe, na kuwa yafe mata, don zafin ciwo ne. Daga nan idon ya mutu.

Mudassir mai gyaran rediyo na kasuwar Tsanyawa ya zo har gida. Ya sa mata waya nan da can, ya shinshina, ya ce, “Baba, sai haƙuri, allon cikin ya tsage, kuma irinsa ko a Kano an daina gani.” Da ya ɗaga ta, wani abu ya yi “ƙwal-ƙwal” a ciki. Na ce mene ne wannan? Ya ce ko noti ne ya kwance, ko haƙorin roba, ko kuma faifan ne ya rabu. Ya ce noti shida ne kawai, kafin a sha ruwa ya buɗe mu gani. Na ce ya mayar da sukundirebarsa aljihu. Yau kwana takwas ke nan tana kan gadona a lulluɓe da zanen Aina'u, ni ina kwana a tabarma. Muddin ba a buɗe ba, faifan lafiyarsa ƙalau.

Marigayiya ta bar lasifika biyu, tagwaye, waɗanda tun ranar ba su ce uffan ba. Ta bar amfilifaya mai ƙara mata murya, mijinta, mai zafin jiki. Ta bar rimot da aka ɗaure da roba, da wayoyi biyu masu kauri kamar igiyar shanu, da batir da farantin sola da suka ciyar da ita ba gori, da faifai ashirin da uku, marayu, na karatu da na wa'azi da na kiɗa. Ta bar ni.

Jiya 'yata Maimunat ta zo daga gidan mijinta a Tofa, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Baba, Inna ba ta taɓa son a rufe ta a ɗaki ba.” Yarinyar nan bakin uwarta gare ta. Saboda haka ga yadda aka tsara.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a gidana. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma gaskiyarsa. Mudassir zai kwance noti shida a gaban shaidu biyu, Basiru da Malam Yahya, da hannu mai taushi, ba irin yadda yake fasa rediyon mutane a kasuwa ba. Bayan nan za a naɗe ta a buhun taki sabo, a binne ta bayan rumbu tare da ragayar. Mudassir ya roƙi a bar masa kayan cikinta, na ce ba a raba gadon mai mutunci a kan tebur. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a gindin ɗorawa. Mai zuwa ya kashe kiɗan wayarsa tun daga bakin hanya. Wanda ya zo ya ce mini ai duk na'ura ɗaya ce, ya sha ruwa ya koma. Wanda kuma ya san inda 'yar'uwar marigayiya take, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi wa Basiru magana, akwai wani ragon a turke.

Gumbar sadaka an kai inji, domin na maido da doka: daga wayewar garin Alhamis kada taɓarya ta taɓa turmi a unguwar nan. Mai unguwa ya yarda, matan ma wannan karon ba su yi musu ba.

Ni ba zan kasance a ɗakin ba lokacin da za a buɗe. Ba tsoro ba ne, ɗakin ne ƙarami. Zan zauna a bakin gonata ta gabas, in ba gida baya. In faifan ya fito lafiya, Maimunat ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa, ko da ana cewa ba a guɗa a gidan makoki. Ba ta kai uwarta ba, amma za ta iso gona.

In kuwa ya rabu, kada kowa ya taso ya zo gaya mini. Fauziyya ta ɗauki taɓaryarta ta yi dakanta. Zan ji.