Yadda Ake Ƙawata Ɗakin Yaya da Auta Har a Daina Faɗa

Ke mai 'ya'ya mata biyu a ɗaki ɗaya, wadda kullum sai kin raba faɗa kafin ki karya kumallo, matso kusa. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ba ki tsallake ko ɗaya ba, faɗa ya ƙare a gidanki. Babu wataƙila a ciki. Ni tela ce, kuma matar da ta iya fitar da riga biyu daga yadi ɗaya, ɗaki bai isa ya gagare ta ba.

Amma tunda mu kaɗai ne, mu faɗa wa juna gaskiya. Ba son ado ne ya sa ki wannan wahala ba. Ɗan ƙaramin ɗakin nan kike karewa, inda keken ɗinkinki yake, inda kike tura ƙofa ki huta ba mai ce miki "Umma, ina ɗayan takalmina?" Baban yara ya riga ya fara cewa, "In ba za su zauna lafiya ba, ai sai a ba babbar ɗakin ɗinki." Wannan maganar ce za mu kashe tun ba ta yi ƙafa ba.

Mataki na 1: Ki ji ra'ayinsu

Ki zaunar da su a bakin gado, ki yi fuskar alƙali. Yaya, wadda ta fara jin kanta budurwa, za ta ce ruwan toka take so, bango fayau, kanta ɗaya ta littattafai, shi ke nan. Auta za ta ce ruwan hoda, da taurarin liƙawa, da fitilu masu ƙyaftawa, da 'yan tsana jere har bakin taga.

"Ita fa ɗakin asibiti take so, Umma," in ji Auta.

"Gara asibiti da shagon alawa," in ji Yaya.

Ki gyaɗa kai ki ce, "Duk na ji." Kin cika sharaɗin shawara ke nan, kuma ba wanda ya ce dole sai an yi aiki da ita.

Mataki na 2: Ki nemi taimakon manya

Ki kira Baban yara. Zai tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya ƙwanƙwasa bango da yatsa ya ce, "Ginin nan da ƙwari." Daga nan zai ce duk yadda kika yi daidai ne, ya tuna yana da wani uzuri a waje. Ki yi masa godiya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Sai kuma Inna, mahaifiyarsa, wadda takan zo da hantsi ta koma kafin rana ta faɗi. Ki kai ta ta ga ɗakin. Za ta taɓe baki ta faɗi abin da ta saba faɗa: "Ni da zan kwana biyu wurin jikokina, to gidan naku babu inda babba zai sa haƙarƙarinsa."

Ki ce, "Wallahi Inna, mu ma abin yana damunmu." Ki sunkuyar da kai sosai, kada ta ga farin cikin da ke fuskarki.

Mataki na 3: Ki auna, ki raba

Nan ne sana'a za ta yi rana. Ki ɗauko tef ɗin awo da allin ɗinki, ki auna ɗakin daga bango zuwa bango, ki ninka tef ɗin biyu, ki ja layi a tsakiya yadda kike yi wa yadi. Ko faɗin zare kada wata ta fi wata. Adalci ke nan.

Kada ki bari ƙananan abubuwa su ɗauke miki hankali, irin su cewa ƙofa ta faɗo a ɓangaren Auta, makunnin fitila da soket kuma duk suna ɓangaren Yaya. A yadi ba a samun irin wannan matsala, don haka ba laifinki ba ne, laifin magini ne.

Kafin yamma za ki ga tsarin ya fara aiki. Auta za ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

"Yaya, ina za ki? Nan fa gefena ne. Sai kin ce don Allah."

"To zauna. Ni kuma na kashe fitilata."

"Umma! Ta bar ni cikin duhu!"

"Umma! Ta hana ni zuwa banɗaki!"

Ki lura da ci gaban da aka samu. Da can faɗan ba shi da kan gado, yanzu kuwa kowa ta san haƙƙinta.

Mataki na 4: Ki kira mai fenti

Ki zaɓi wanda ba ya musu. Ki ce masa rabi toka, rabi hoda. Zai dubi bangon, ya dube ki, ya haɗiye dariya ya ce, "Hajiya, zai yi kyau ƙwarai." Haka ya ce wa maƙwabciyarki da ta sa shi ya yi mata kicin kore shar, don haka ki yarda da shi.

Dole ɗigo ɗaya na hoda ya faɗa kan toka. Ke ba za ki gan shi ba, mai fenti ba zai gan shi ba, Yaya kuwa tun daga bakin ƙofa za ta hango shi. Za ta ce da gangan aka yi, Auta za ta ce ai ma ya ƙara wa wurin kyau. Ki ce musu abincin wani gubar wani. Karin magana bai taɓa raba faɗan yara ba, amma yana sa uwa ta ji ta faɗi wani abu.

Mataki na 5: Ki rataya labule a tsakani

Tunda ganin juna ne ke tada fitinar, ki raba idanu. Ki ɗinka labule mai kauri, ki sa kafinta ya kafa miki sanda daidai kan layin alli. Fankar sama ma a tsakiyar ɗakin take, amma wannan ba abin dubawa ba ne.

Ranar farko da aka ji zafi, Yaya za ta kunna fanka, tunda makunnin nata ne. Fanka za ta cafki labule ta naɗe, sanda ta tsinko, ta share 'yan tsanan Auta da littattafan Yaya a tafi ɗaya. Ki gode wa Allah ba wadda ta ji rauni, ban da kunnuwanki.

Baban yara zai leƙo ya dubi ɓarnar. "Maman yara, wai ɗakin ɗinkin nan dai..."

Kada ki bari ya ƙarasa. Ki miƙa masa tsintsiya.

Mataki na 6: Ki fusata, ki yi son ranki

Yanzu haƙurinki ya ƙare, kuma da ma nan muke son zuwa. Ki bari su tafi makaranta, ki sake kiran mai fenti, ya shafe toka da hoda gaba ɗaya da ruwan madara. Ki buɗe buhun ragowar yadi, ki zaɓo mai manyan furanni ruwan ƙasa, ki ɗinka labule da zanin gado da rigar filo duk iri ɗaya, ki bi gefensu da leshi. Ki kafa agogon bango, ki ajiye furen roba a kan durowa, ki shimfiɗa kafet mai laushi. Ki ja da baya ki duba. Ke dai kin san ya yi.

Za su dawo su tsaya a bakin ƙofa da jakunkuna a baya. 

"Yaya," in ji Auta a hankali, "kin ga abin da na gani?"

"Na gani, Auta. Zo nan."

Yaya za ta kama hannun ƙanwarta, abin da rabonki da gani tun Auta na rarrafe. Daga wannan rana ba za ki ƙara jin faɗa ba, sai ƙus-ƙus, da dariyar da ke tsayawa cak in kin shigo.

Mataki na 7: Ki nuna wa Inna

Aiki mai kyau ba a ɓoye shi. In Inna ta zo, ki ja ta har ciki don ta san ɗanta ya yi dace. Za ta shafa labule, ta danna katifa, ta dubi agogo, ta cire takalmi ta taka kafet. Sai ta zauna a bakin gado ta sauke numfashi.

"Kai, 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka. Ashe kina jin maganata kika yi shiru. Wannan ai ɗakin babba ne."

Kafin ki haɗa amsa, 'ya'yanki za su haɗa baki: "Kaka, mun bar miki! Mu sai mu koma ɗakin ɗinki, mu biyu."

"Ka ji 'ya'yan albarka," in ji Baban yara, yana laluben waya don a kawo wa mahaifiyarsa akwatinta.

Ki yi murmushi har haƙoranki su bushe, ki ce, "Inna, ai da ma don ke aka yi." An ce baƙo raɓa ne. Wanda ya faɗi haka bai ga girman akwatin ba.

Mataki na 8: Ki ci moriyar aikinki

Ki sa a fito da keken ɗinki a ajiye a lungun baranda, kusa da inda ake tara takalma. Ɗakin naki bai kai rabin wanda suka baro ba, katifa ɗaya ce za ta shiga, soket ɗaya, kuma ba mai neman tef ɗinki. In kin leƙa za ki ga sun shafa toka da kansu, Auta ta liƙa taurarinta a kai, Yaya ta jera 'yan tsana a gaban littattafanta. Abin zai yi kyau, kuma wannan ne zai fi ba ki haushi. Za ki ji daɗi, za ki ji kishi, duk lokaci ɗaya. In kika daɗe a tsaye, za su ce miki cikin ladabi, "Umma, ja mana ƙofar, muna magana ne."

Sanarwa

Mai wannan shawara ba ta ɗauki alhakin fenti, fanka, labule, ko surukar kowa ba. Zaman lafiya na yi alkawari, kuma ga shi kin samu. Ki koma sama ki duba, ban ce za ki tsira da ɗaki ba. Wadda take da ƙorafi ta same ni a baranda wajen takalma. Ta zo da kujerarta, kuma ta rage murya, Inna na barci.