Maroƙi Mai Faransanci

Ba zan taɓa mantawa da bikin wani komin gidan waya ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo. Har yau in na ji kalangu daga nesa sai na kama kunnena, alamar na tuba.

Lokacin saura kaɗan Faransa ta tattara komatsanta, Damagaram ta cika da zaɓe-zaɓe, kowa so yake ɗansa ya zama komi, wato ma'aikacin biro (ofis ke nan) mai alƙalami a bayan kunne. Ni lakwal ɗina, wato karatun boko, rabi da rabi ne, an kore ni kafin sartifika (wai na cika surutu, ni kuwa a ganina malaman ne suka cika shiru). Sai ga wani tsohon malami, Mushe Bukar (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ya buɗe tasa makarantar a wani zaure a Zongo, yana shirya irinmu gyauron lakwal mu zauna kankur, jarrabawar shiga aikin gwamnati. Amma ba sadaka yake yi ba. Ƙarshen wata ka ajiye kuɗi a tebur, in babu ka ɗauki kayenka, wato littafin rubutu, ka kama hanya.

Babana manomi ne a Gaffati. Abin da yake da shi gero ne da addu'a, Mushe kuwa ba ya karɓar ko ɗaya. Wani Bakano mai awon gyada, Alhaji Uba, ya kira ni rumfarsa ya ce, "Yaro, ni zan biya maka. In ka gama sai ka zo ka riƙe mini lissafi, har mu ga abin da Allah zai yi." Na dubi wani mutum a ƙuryar rumfar, wanda shi ma aka taɓa biya wa wani abu, furfura ta fito masa yana nan yana ganin abin da Allah zai yi. Na ce, "Alhaji na gode, Allah ya ƙara arziki," na fita da baya da baya.

Aiki ya same ni ta inda ban zata ba. Wata rana ina bakin kasuwa ina kwaikwayon tafiyar kumandan, Baturen mulki, 'yan dako suna ta faɗuwa da dariya, sai Baba Gambo mai kalangu ya jawo ni gefe.

"Kai ɗan nan, bakinka yana cin Nasaranci?"

"Yana ci har da ƙari, Baba."

"To ni yaran biron nan sun kashe mini kasuwa. Ka wasa kakan mutum har maƙogwaronka ya bushe, sai ya gyara karabat ɗin wuyansa ya duba agogo. Zo ka yi mini sanƙira."

Sanƙira shi ne mai ihu a gefen makaɗi: ya yi kirari, in an ba da kyauta ya ɗaga ta sama ya faɗi sunan mai ita kowa ya ji, in kuma mutum ya yi rowa ya yi masa zambo har sai kunya ta buɗe masa aljihu. Mu gidanmu ba maroƙa ba ne, da Inna ta ji da ta suma. Amma wanda ya fi ba ni tsoro Mushe ne. A gabanmu ya kori wani yaro don kawai an gan shi yana rawa a dandali. Ya ce, "Ni ma'aikatan gobe nake koyarwa, ba 'yan tasha ba." Shi ya sa da ya tambaye ni inda nake samun kuɗi, na gyara tsayuwa na ce falanto nake yi a wani kanti, ina kai takardu. Har ya gyaɗa kai ya ce wa 'yan aji su yi koyi da ni (Allah ya yafe mana baki ɗaya).

Kasuwa kuwa ta buɗe. Na sami tsohuwar rigar Baba Gambo da wata malfa mai rufe rabin fuska. In na ga ɗan biro sai in kwarara masa Faransancin da na tsinta a aji, ko da ma'ana ko babu, in haɗa da sunan kakarsa. Sai ka ga karabat ta kumbura, hannu ya shiga aljihu. Amma babbar hajata ita ce Mushe da kansa. Na lanƙwasa waya na yi tabarau, in ɗora a ƙarshen hanci, in ja ƙafa yadda yake ɗingishi, in daka tsawa, "Silans! Jakuna!" Rabin ma'aikatan garin sun sha bulalarsa tun yana lakwal ɗin gwamnati, saboda haka biya suke yi kamar ana rama musu. Ni a ganina ciniki ne na adalci: da shi nake nema, shi nake kai wa.

To, ranar Lahadi bayan la'asar muka je bikin nan a cikin Birni. An share ƙofar gida, 'yan biro a kan kujeru, dattijai a kan tabarmi. Kuɗi yana ta shigowa, ina ta ihu. Sai na lura da wani dattijo a tsakiyar tabarma, babbar riga mai aiki, rawani har da amawali ya rufe hanci. Tun da muka fara ko yatsa bai motsa ba. Baba Gambo ya matsa kalangu a hammata ya nuna mini shi da haɓa. Na gane.

Na tafi da rangwaɗa na tsaya a gabansa.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Ga riga ta ci zare, ga rawani ya ci yadi, amma maɗinki ya manta bai yanka aljihu ba! Baba, ko hannun ne ya yi sanyi a kawo maka garwashi?"

Yara suka bushe da dariya. 'Yan biro kuwa sai tari suke yi. Ango yana ta zaro mini ido yana girgiza kai, na ɗauka cewa yake in ƙara wuta. Sai wani shaƙiyyi daga bayan kujeru (in na san shi har gobe ba zan gaishe shi ba) ya ce, "Sanƙira, yi masa Mushe!"

Na ce, "Yawwa! Baba, tunda kirari bai shige ka ba, bari in kai ka lakwal."

Na cire malfa. Ku ji fa, ni da hannuna na cire malfa. Na ɗora tabaraun waya, na ja ƙafa na zaga shi, na yi gyaran murya irin ta Mushe mai kama da an taka kwaɗo. Na nuna shi da yatsa na ce, "Silans! Kai jakin baya, tashi! Ina kuɗin wata? Babu? Waje!" Na ƙara da yadda Mushe yake sakace haƙori da tsinken ashana yana ba mu labarin birnin Dakar. Ban taɓa yin wasan ya yi kyau kamar ranar ba. Abin da ya ɗan dame ni, babu mai dariya sai yara, kuma kalangun Baba Gambo ya fara yin ƙasa-ƙasa.

Na gama, na durƙusa a gabansa na miƙa hannu biyu kamar yadda ake yi. To a durƙushen nan ne idona ya sauka kan abin da ke leƙowa ƙarƙashin rigar. Kowane dattijo ya ajiye takalminsa a bakin tabarma, shi kuwa nasa yana gefen gwiwarsa: baƙi mai igiya, ɗaya an ƙara masa dunduniya. Na san takalmin nan. Kullum in ana yi mini faɗa na sunkuyar da kai, shi nake kallo.

Hannu ya tashi a hankali ya sauke amawali.

Ni ban taɓa ganin mutumin nan ba sai cikin kayan Turawa. Ban taɓa kawowa a raina yana da dangi ba ma, balle a ce shi ne kawun ango, ya sha rawani ya karɓi aure da safe. A zatona in an tashi aji ninke shi ake yi a sa a akwati.

Ya dube ni ta saman tabarau, nasa na gaskiya, ni ma ina dubansa ta saman na waya.

Ya ce, "Falanto. Ashe nan ne kantin?"

Na ce, "Mushe... barka da... Allah ya ba da zaman lafiya."

Ya sa hannu a aljihu (ashe akwai aljihun) ya zaro dala ya ɗora mini a tafi. Na yunƙura zan sulale, ya ce, "Ina za ka? Ba a sanarwa?"

Na ɗaga dalar na ce ƙasa-ƙasa, "Mushe Bukar ya ba da dala."

"Na baya ba su ji ba."

Haka na tsaya a tsakiyar Birni, tabaraun waya a hanci, na kware murya: "Mushe Bukar ya ba da dalaaa! Bukar zakin alli! Bukar mai hannun kyauta!" Baba Gambo, mugun tsoho, ya saki kalangu da ƙarfi. Yanzu kam 'yan biro suka samu izinin dariya, har wani ya faɗo daga kujera. Da na juya zan gudu sai na ji Mushe a bayana yana cewa, "Kuma ƙafar hagu ce, ba dama ba. Ko kallo ba ka iya ba."

Washegari na ɗauki kayena na nufi Zongo kamar mai zuwa jana'izar kansa. Hanya ta bi da ni ta rumfar gyada, Alhaji Uba ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Labari ya riga ni. Na ce a raina, shi ke nan, nan zan yi furfura.

Na shiga zaure. Ranar biya ce. Na ajiye kuɗina a tebur, har da dalarsa a sama. Mushe ya daɗe yana kallonsu.

"Duk na roƙo ne?"

"E, Mushe."

"Da sunana."

"Yawanci, Mushe."

"Ka ci bashin wani?"

"A'a."

Ya share su cikin aljihun tebur. "To wuce." Na nufi bencina ina hamdala, ya ce, "Ba can ba. Nan, gefen allo. Maƙogwarona ya gaji, kai kuma naka na haya ne. Duk abin da na faɗa ka maimaita wa na baya. Ni ba na ba da kyauta sau biyu."

Tun daga ranar har muka zauna kankur a tsaye na yi karatu, ina ihun dikte, wato shifta, kamar mai tallar goro. Abin haushi, ihun ne ya sa karatun ya zauna mini, na haye da ƙyar, babu mai bina ko tamma.

Abin da na koya bai da yawa. Yi sana'arka, ko wace iri ce, ka biya wa kanka. Amma in bakinka ne jarinka, kafin ka buɗe shi a kan rawani, sunkuya tukuna ka gaisa da takalmi.