Duniyar da Nomau Ya Zaɓa

A garin Rafin Ɗinya an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura shekara talatin, ga ƙarfi, ga tsafta, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Yana zaune gidan yayarsa Lantana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shago a bakin tasha, da sola a kan rufi da kwamfuta huɗu. Nan teloli da masu walda da 'yan acaɓa ke taruwa in sun tashi aiki, suna buga wani gem na gina gari. Kowace duniya a gem ɗin daga wata doguwar lamba take fitowa, 'yan wasa suna kiran lambar iri. Akwai kuma wani shafi a intanet da za ka zuba lambar, ka ga taswirar duniyar tun kafin ka shiga. Nomau ke share shagon, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya ƙera kwamfutocin.

Wata rana Lantana ta ce masa 'yan wasa sun gaji da duniyar da suke ciki, ya taimaka ya nemo musu iri mai kyau, mai kogi a ciki. Ran kasuwa ce. Nomau ya saɓa buhu ya fice, bai dawo ba sai la'asar. Ya baje gero da dawa da riɗi a gaban kwamfuta, yana haki yana murmushi, ya ce kowanne sai da ya tauna ya tabbatar ba ƙwari. Mai hatsi dai ya rantse masa bai san irin da ke tsiro da kogi ba, shi ya sa ya haɗo da 'ya'yan kankana, tunda tana da ruwa. Kwana biyu Lantana na tsintar riɗi daga cikin madannai da tsinke. Da ta gama, ta zaunar da shi ta koya masa shafin.

Wata rana kuma ta ba shi lambobi arba'in a takarda, ta ce ya leƙa garuruwan da ke cikin kowace duniya. Ta tafi ɗora girki. Da ta dawo ta tarar da shi durƙushe gaban gilashin kwamfuta yana rangaɗa sallama. In ya yi sau uku ba a amsa ba, sai ya soke lambar ya wuce ta gaba. Ya soke duka arba'in ɗin.

"Yaya, mutanen nan ba su da tarbiyya," in ji shi. "Ni kuwa ba na leƙa gidan mutum ba izini."

Wata rana Hashimu mai walda, shugaban 'yan wasan, ya ci karo da wata duniya mai zinariya a gindin dutse. Ana kiransa wurin aiki, sai ya ce wa Nomau ya ajiye masa ita, kada kowa ya taɓa. Nomau ya jira ya fita, ya zare wayoyi, ya naɗe gilashin a zane, ya kai rumbu ya binne cikin dawa. Da aka haƙo aka kunna, babu duniya babu lambarta. Hashimu ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce in aka sake haka za su koma shagon garin gaba. Abin da ya dami Nomau kawai, ba wanda ya yaba yadda ko ɓera bai kai ga ajiyar ba.

Wata rana labari ya zo cewa shagunan gem na garuruwa tara za su yi gasa ta intanet. Kowace ƙungiya za ta tura lambar duniyarta, kuma in an tura ba canji. Garin da ya fi dukiya a ƙarshen wasa shi ya ci. A lokacin aiki ya yi wa kowa yawa, ba mai haƙurin duba ɗaruruwan taswira sai Nomau. Hashimu ya tsaya a bakin ƙofa bisa babur, ya ce a gajarce:

"Ka samo mana duniyar da za mu iya zama a cikinta, ka tura."

Nomau ya ji maganar har cikin ransa. Ashe tashi za a yi. Kwana uku yana duba taswira kamar mai neman wurin kafa gida. Ya ga mai zinariya a tsakiyar rairayi, ya ce me za a sha. Ya ga mai lu'ulu'u a cikin ƙanƙara, ya tuna ƙafar Lantana ba ta son sanyi. Wata ya ƙi ta don kwari ce, damina ɗaya za ta cinye gari. A ƙarshe ya sami wani tudu, ƙorama a gabas, fadama a ƙasa, itatuwa da makiyaya, har ya ware inda za a yi maƙabarta. Ya tura lambar.

Da 'yan wasa suka ga duniyar, ba zinariya ba komai sai ciyawa da tumaki, sai ransu ya ɓaci. Hashimu ya ce wa Lantana daga wannan gasa sun bar shagonta. Ita kuwa ta dubi ƙanenta, ta ga yadda ya tsaya ƙirji a buɗe yana jiran yabo.

Ranar Asabar da hantsi aka fara. Sauran garuruwa suka ruga haƙar dukiya. Kafin azahar yunwa ta kashe mutanen rairayi, sanyi ya gama da na ƙanƙara, wasu kuma suka ɓata lokacinsu wajen neman itacen da za su yi ƙotar gatari. 'Yan Rafin Ɗinya ba su da abin haƙa, sai suka yi noma, suka yi kiwo, suka ja ganuwa. Da aka tsayar da wasa, garinsu kaɗai ke tsaye da mutanensa. 'Yan acaɓa suka zaga tasha suna hon, Hashimu ya riƙe hannun Lantana, daga baya ya tambaya ina Nomau.

Sai ga shi ya fito daga gida, tabarma a naɗe a kafaɗa, buta a hannu, ya ɗauro tukwanen Lantana a zane. Ya tambaya yaushe za a kama hanya. Wasu suka fara dariya, Hashimu ya ɗaga musu hannu. Lantana ta sauke masa kayan a hankali, ta ce an fasa tashin, mutane sun ce ba za su iya rabuwa da nan ba.

Nomau ya juya ya dubi garin da kyau, tun daga rafi har gonakin tudu, ya daɗe yana nazari. Sannan ya gyaɗa kai.

"Sun yi gaskiya," ya ce. "Da an ba ni lambar wannan, ita zan tura."