Siracen Hajiya da Takardar Lafiyata

In dai ina numfashi, ba na jin zan manta da safiyar da na je sabunta takardar lafiyata a lokacin korona. Ni matuƙin jirgin sama ne, kuma a aikinmu ko ka shekara ashirin kana tashi, ranar da wannan takarda ta mutu ka zama ɗan kallo. Tawa ranar Juma'a za ta mutu, ƙarin wa'adin da aka yi mana saboda kulle ya ƙare. Ga kamfani yana ta rage mutane, ya ce duk wanda takardunsa ba su cika ba ya zauna a gida sai an neme shi (kowa ya san ba za a neme shi ba). Da ƙyar wani asibiti a Garki ya ba ni ƙarfe tara na safiyar Laraba, suka ce in na rasa wannan sai bayan wata guda.

Abin da nake tsoro shi ne na'urar nan da ake saita wa mutum a goshi a bakin ƙofa. In ta nuna zafi, ko likita ba za ka gani ba, sai killacewar sati biyu. Ranar Talata kuwa na tashi da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro. Ba wani abu ba ne, amma na bi na ɗaga hankalina. Bini-bini in taɓa wuyana, in shinshina turare don in tabbatar hancina yana aiki.

Mahaifiyata Hajiya tana gidana a Karu tun da ta zo ganin jikoki kulle ya rutsa da ita. Ta ga ina ta safa da marwa a falo ta tambaye ni, ni kuma bakina bai iya shiru ba, na faɗa mata. Ta ce ai wannan mai sauƙi ne, sirace za ta yi min. Maganin asibiti dai ba na shan sa gab da gwaji, don kada a gan shi a fitsari. Sai na ce a raina, to ganye kuma me zai ɓata? (Mutumin da ba ya kunna injin jirgi sai ya bi takardar dubawa layi-layi ne ya yi wannan tunanin.)

Safiyar Laraba Hajiya ta tafasa ganyen darbejiya da na gwaiba da citta a babbar tukunya, ta zaunar da ni a 'yar kujera, ta lulluɓe ni da bargo biyu. Duk na leƙo in sha iska sai ta danna kaina. Da na fito ta mulke min ƙirji da goshi da man zafi, ta ɗura min shayin kanumfari da tafarnuwa, sannan ta ce sharaɗin sirace shi ne kada iska ta taɓa mutum. Haka na ɗora rigar sanyi a kan kayan aiki, na rufe gilasan mota, na kashe na'urar sanyaya mota, na kama hanya rana tana dukana.

A bakin asibiti na tarar da layin ma'aikatan jirage, kowa da takunkumi. A bayana ga Zainab, ƙaramar matuƙiyar da na horar, wadda kullum nake yi wa faɗa kan kada ta yi abu da ka. Mai gadi ya saita min na'urar, ya duba, ya girgiza ta ya sake saitawa. Sai na ga ya ja da baya taku uku.

"Oga, abeg kada ka motsa," in ji shi. "Jikinka zafi ya yi yawa."

Na buɗe baki in yi bayani, kanumfarin nan ya sarƙe ni, tari ya ƙwace min. Kafin in ɗago layi ya watse. Wasu mutum biyu cikin fararen kaya har kai suka raka ni wata rumfa a gefe. Na zauna gumi yana zuba, ina tunanin yadda zan gaya wa matata aiki ya tafi.

Can likitar da za ta duba ni ta shigo, Dakta Rifkatu, dattijuwa mara son wasa. Ta tsaya daga nesa ta ƙare min kallo, ta ce ko ta cikin takunkumi biyu tana jin tafarnuwa. Ta matso, ta sa hannu a wuyan rigata, ta zaro dafaffen ganyen darbejiya.

"Kyaftin, sirace ka yi kafin ka zo a auna maka zafi?"

"Hajiya ce ta ce in yi."

Da kunnena na ji kaina, da furfurata da komai, ina ɗora laifi a kan uwata. Bakin rumfar a buɗe yake, Zainab tana tsaye tana ji. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Dakta ta sa na tuɓe rigar sanyi da ta aiki, na wanke goshi, na zauna a ƙarƙashin mangwaro daga ni sai singileti, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Sannu, Kyaftin." Bayan kusan awa guda aka sake aunawa, zafi ya sauka. Aka yi min gwajin hanci, ta duba ni, amma ta ce ba za ta sa hannu ba sai sakamako ya fito. Wunin Alhamis waya ba ta bar hannuna ba, sai bayan la'asar aka kira ni aka ce lafiyata ƙalau, in zo in karɓi takardata.

Hajiya ta bi dangi a waya tana gaya musu siracenta ne ya fitar da ni, ban musa ba. Zainab kuma ba ta taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba. Sai dai duk ranar da muka tashi tare, in ta gama karanto takardar dubawa, sai ta ƙara layi ɗaya a hankali: "Sirace, Kyaftin?" Ni kuma in ce, "Babu."

Har yau ba na ɓoye wa Hajiya komai, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma ranar gwajin lafiyata, sai na dawo da takarda a hannu nake gaya mata.