Yadda Za Ka Ci Lambar Yabo da Bindigar da Ba Ka Iya Zarowa Ba

An ba shugaban masu gadin wani babban rumbun ajiye kaya lambar yabo ta kula da makami, saboda tun da aka raba sababbin kuben bindiga ba a taɓa ganin tasa a waje ba. Mutumin, wanda kowa ke kira Sajan ko da yake bai taɓa shiga soja ba, ya karɓi lambar ne a makon jiya a farfajiyar rumbun, gaban manaja da direbobin manyan motoci da mai shayin bakin ƙofa. Abin da ba a faɗa a wurin ba shi ne, Sajan bai san yadda ake fito da bindigar ba.

Kai ma za ka iya. Idan ka bi matakan nan yadda suke, tabbas za ka samu girma da hoto a bangon ofis. Har yau ba a samu wanda ya bi su bindigarsa ta ɓata ba.

Mataki na ɗaya: Ka ƙi zaman horo

Kamfani zai sayo irin kuben nan na zamani, mai tauri kamar ƙashi, wanda ke kulle ƙaramar bindiga a ƙugu. An ƙera shi ne don kada wani ya zo ta baya ya fizge ta, kuma kada ta faɗi idan kana gudu. Mai ita kaɗai ke iya zarowa, in ya san inda zai danna da wanda zai fara dannawa. Shi ya sa za a turo malama ta koya muku da safe a ɗakin hutun ma'aikata.

Ka bari ta bi ku ɗaya bayan ɗaya ta saka wa kowa bindigarsa a kube, ta kulle. Da zarar ta ce, "To, yanzu ga yadda ake fitarwa," sai ka miƙe.

Sajan ya gyara hularsa ya ce, "'Yata, ina riƙe bindiga tun kafin a yaye ki."

Ka fita kanka tsaye, ka nufi ƙofar da ta fi nisa. Kada ka waiwaya. Magana mai daɗi waiwaye ke ɓata ta.

Mataki na biyu: Ka gwada inda ba kowa

Bayin ma'aikata ya fi. Ka sa sakata, ka kama ƙotar bindigar, ka ja sama. Ɗamarar za ta taso har haƙarƙarinka, wando ya biyo ta, bindiga tana nan inda take. Ka danna duk abin da ya yi kama da maɓalli. Ka murɗa dama, ka murɗa hagu. Ka yi mata magana a hankali, sannan ka zage ta.

Idan aka ƙwanƙwasa, ka yi gyaran murya ka saki ruwa.

Kada ka kawo filaya ko sukudireba kusa da ita, komai zafin zuciya. Lambar yabo muke nema, ba gadon asibiti ba. Wannan kaɗai ce ƙa'idar da Sajan ya kiyaye ba tare da an koya masa ba, kuma ita ce dalilin da har yanzu yake da ƙafafu biyu.

Mataki na uku: Ka mayar da matsalarka doka

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Idan an tashi aiki, kowa zai je tagar mai sito ya zare bindigarsa ya miƙa a ajiye. Kai kuwa ba abin da za ka zare.

Ka shiga gaban layi. Ka kwance ɗamarar gaba ɗaya, da kuben da bindigar, ka dire a kan kantar mai sito.

Mai sito ya dubi kayan ya ce, "Sajan, bindigar ake miƙowa, ban da ɗamara."

"Kai in za ka ajiye ƙwai, fasa shi kake yi ka ajiye ɓawon daban?"

"A'a, amma..."

"To daga yau haka za a riƙa yi. Yawan zarowa shi ke kawo haɗari."

Mai sito ya buga ƙusoshi a bango aka fara rataye ɗamaru. Za ka ga yaranka sun karɓi dokar hannu biyu, ba mai gunaguni, har da wanda bai taɓa bin umarni ba sai an maimaita masa. Ka ɗauka ladabi ne. Shugaba nagari ba ya binciken dalilin da ya sa ake yi masa biyayya.

Mataki na huɗu: Ka rufe bakinka a gida

Bindiga ba ta zuwa gida, amma shatin ɗamara yana zuwa. Matar Sajan tana ninke wanki a kan gado ta ɗaga wandon aikinsa ta leƙa shi ta cikin wata tsaga da ke jikin wandon.

"Maigida, tsayuwa a bakin ƙofa ce ke yaga wando haka?"

"Aikin tsaro ba a bayaninsa."

"To. Amma duk abin da ya maƙale, ka tambayi Dogo, ai tare kuke."

"Wa ya ce miki wani abu ya maƙale?"

"Wandon."

Dogo ƙaninta ne, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma Sajan ne ya samo masa aikin. Kada ka tambaye shi. Ƙanin mata abokin wasa ne, abin da ya ji da rana ya isa gidan surukai kafin a ɗauke tukunya daga wuta. Za a riƙa ba jikokinka labarin kana zaune.

Mataki na biyar: Ka bar kuben ya yi maka aiki

Wata rana kamfani zai turo wani ƙato ba sanarwa, aikinsa ya bi masu gadi ta baya ya gwada fizge bindigoginsu. A wani rumbu na kamfanin, ƙaton ya samu mutum biyu da suka bar kubensu a buɗe don saurin zarowa, ya kwashe nasu kamar mai tsinkar lemo. An dakatar da su.

Da ya zo kan Sajan, ya kama ƙotar ya ja. Ya ƙara ja da hannu biyu. A karo na ƙarshe ya ɗaga Sajan daga ƙasa, takalmansa na lilo, bindiga ba ta motsa ba. Ya bi sauran masu gadin, bai samu ko ɗaya ba. Manaja yana kallo ta tagar ofis, ya fito yana tafi.

"Sajan, mene ne sirrin?"

"Yallaɓai, ko ni sai na nemi izininta."

Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki. Ka koyi wannan: gaskiyar da aka faɗa ana dariya ba ta da shaida.

Daga nan sai lambar yabo. Ka karɓa da hannu biyu, ka tsaya a hoto da gefen da kuben yake.

Mataki na shida: Ka nemi koyo da sunan jarrabawa

Girma yana zuwa da baƙi. Manaja zai sanar cewa mai kamfanin zai zo ranar Alhamis da wasu manyan abokan ciniki, su ga yadda mai lambar yabo ke zaro bindiga ya cire harsashi ya mayar. Kada ka firgita. Akwai dabara: ka sa wani ya yi a gabanka, kai kuma ka zuba wa babban yatsansa ido.

Sajan ya jera mutanensa a bayan rumbun, kusa da tarin katakon da ake ɗora kaya, ya sa hannuwa a baya yana kai da kawowa.

"Dogo, fuskanci bango. Zaro in ga ko kana da hankali."

"Ni, mijin yaya? Gaban babba?"

"Nan wurin aiki ne, ba gidanku ba. Zaro."

Dogo ya kama ƙotar ya ja. Ɗamararsa ta hau har haƙarƙari. Sajan ya san wannan motsin sarai, amma bai nuna ba. Ya juya ga na kusa da shi, wannan ya sunkuyar da kai. Na bayansa kuma ya shiga duban sama kamar mai jiran ruwa.

"Ba an koya muku ba?"

"Ai kana fita muka bi ta ɗaya ƙofar," in ji Dogo. "Muka ce abin da Sajan ya raina, mu ma ba za mu zauna masa ba. Baiwar Allah ta yi ta kira har ta gaji ta tattara jakarta."

"Duk tsawon lokacin nan fa?"

"Jira muke mu ga ka zaro mu kwaikwaya. Kai kuma ka ƙi. Dokar nan ta rataye ɗamara kuwa, wallahi addu'a muke yi maka a kanta."

A nan ka girgiza kai kamar uban da 'ya'yansa suka ba shi kunya. Sajan ya ce, "Ba zan nuna muku ba. Abin da mutum ya samu a sauƙi ba ya riƙe shi. Kowa ya je ya yi tunani."

Suna watsewa Dogo ya matso ya rage murya. "Mijin yaya, in kai ma kana tunanin ne, ka bari mu yi tare."

Ka yi kamar ƙarar wata mota da ke juyawa ce ta hana ka ji.

Mataki na bakwai: Ka je ofishin manaja

Malamar ta bar kamfanin, ba wanda ya karɓi lambar wayarta. Za a iya turo wata, amma sai shugaban masu gadi ya je da ƙafarsa ya gaya wa manaja dalili. Dalilin kuma shi ne rumbun da ke cike da kayan mutane yana hannun masu gadin da ba wanda zai iya fito da makaminsa, ba a goge bindigogin ba, ba a sa musu mai ba, tun ranar da aka kulle su.

Ka je. Ka ƙwanƙwasa, ka cire hula.

"Sajan, shigo, yanzu nake maganarka," in ji manaja. Hoton bikin yana rataye a bayan kujerarsa. "Na gaya wa mai kamfani, daga Alhamis kai za ka riƙa zagaya sauran rumbunan kana koyarwa. Me ya kawo ka?"

Sajan ya dubi hoton, ya dubi manaja, ya juya hular a hannunsa.

"Yallaɓai, cewa na yi a share farfajiya kafin baƙin su zo."

"Ka ga abin da nake faɗa? Komai kana lura."

Ka mayar da hularka ka fita a hankali.

Gargaɗi

Wanda ya tsara matakan nan ba shi da hannu a yagewar wando, ciwon ƙugu, dariyar surukai ko sallama daga aiki. Kamfanin da ya ƙera kuben ma ba shi da laifi, kayansa sun yi abin da aka ce za su yi. Duk wanda ya bi shawarar nan maimakon ya zauna a koya masa, ya ɗauki kayansa da kansa.

Zuwa lokacin haɗa wannan bayani an share farfajiya, an jera kujerun baƙi a ƙarƙashin rumfa. Mai sito ya ce ba zai iya tuna ko akwai harsashi a bindigogin ranar da aka kulle su ba. Sajan ne zai fara zarowa a gaban baƙin.