Yadda Ake Dasa Hancin Uba A Fuskar 'Yarsa

Kai da aka haifa maka 'ya, surukai suka zo suka rabe kamanninta kaf ba su bar maka ko farce ba, share hawayenka. An ce idon na kawunta ne, goshin na innarta, kai kuwa sayen madara ne rabonka. Bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbacin za a ga kamanninka a jikin 'yarka ko ana so ko ba a so. Maƙwabcina Babakura ya gwada su a gabana, a nan Bulumkutu.

1. Fara tara haushi

Ba a shiga wannan aiki da sanyin zuciya. Tun ranar sunan 'yarsa Humaira, surukar Babakura, Hajja Gumsu, take zuwa daga Limanti da rundunar 'ya'yanta, ta ɗaga yarinyar ta ce, "Wannan tamu ce daga sama har ƙasa." Shi kuwa tun da aka watse daga Bama danginsa suka bazu, wasu Yola, wasu Diffa, wasu har yau ba labari. Ba shi da ko gwaggo ɗaya da za ta ce, "A'a, kunnen nan namu ne." Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cin ransa ƙwarai.

2. Nemi mai zane, ka guji mai kyamara

Kyamara ba ta san alfarma ba, abin da ta gani shi take faɗa. Mai zane kuwa ɗan Adam ne, yana shan shayi, yana jin nauyin mutane.

Je bayan Kasuwar Litinin ka tambayi Manasse. A da zakuna yake zana wa 'yan acaɓa a jikin babura, da aka hana babur a gari ya koma zanen yara don a rataya a falo. Idan ka ga idon 'yarka ya ɗan yi zafi a hoton, yi haƙuri, hannu ne bai manta da zaki ba.

3. Kai yarinyar sau ɗaya, kai kuma ka mai da wurin gidanka

Bar shi ya zana ta yadda take, ka yaba, ka mai da ita gida. Washegari ka dawo kai kaɗai da shayi mai kauri, ka zauna inda haske zai bugi fuskarka. Haka Babakura ya yi.

"Wushe da aiki, Manasse. Hancin nan bai yi ƙarami ba kuwa?"

"Malam Babakura, haka Allah ya yi mata shi."

"Ai zai girma. Zana shi yadda zai zama. Ga samfur nan a gabanka."

Masana sun tabbatar cewa wanda ya samu hanci bai kamata ya bar kunne ba. Babakura ya karɓi kunne, ya karɓi goshi, ya nemi a ƙara wa gira gashi. A nan Manasse ya ajiye burushi.

"Gemun fa? In sa mata yanzu, ko sai ta girma?"

In mai zane ya kai nan, aiki ya nuna. Ɗauki kayanka.

4. Kada ka kuskura ka naɗe shi

Babakura ya so ya yi wa gida ba-zata, sai ya naɗe hoton cikin takardar siminti ya ɗaure tam da igiya. A garin nan, a wannan zamani da ake yi wa kowane ƙunshi kallon bam! Yana shiga keke, fasinjoji suka tuna ashe tafiyar ƙafa tana ƙara lafiya. Da aka iso shingen 'yan gora, samarin nan masu gadin unguwa, tun daga nesa suka ɗaga masa hannu.

"Baba, ajiye shi can! Kwance da kanka, a hankali!"

Ya kwance. Suka matso suna leƙe, suka dubi hoton, suka dube shi.

"Baba, kai ne ka ɗaura ɗankwali?"

Daga nan a buɗe ya rungumo shi har gida, kowa a hanya yana tofa albarkacin bakinsa. Wata mai ƙosai ta yi wa yarinyar addu'ar samun miji mai tawakkali.

5. Rataya shi ranar da surukai suka cika gida

Ranar Juma'a ya buga ƙusa, Hajja Gumsu da jama'arta na zaune. Suna ganin hoton, dariya ta ɓarke. Matarsa Rashida ta cusa fuska cikin lafaya, kafaɗunta na rawa. Humaira ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a gaban hoton ta daɗe tana kallo.

"Baba, ai ka ce ni za a zana."

Wannan ta fi dariyar zafi. Babakura ya koma ƙarshen tabarma ya juya wa kowa baya, ya turo leɓe, ya kama kunnensa na hagu yana murzawa. Humaira ta tafi ɗaya ƙarshen ta zauna da nata fushin. Ba wanda ya kalli wani.

6. Yi shiru, ka bar surukarka ta yi magana

Hajja Gumsu ce ta fara daina dariya.

"La'ilaha illallahu! Ku dubo mini nan."

Ga yarinya ta juya baya, ta turo leɓe, tana murza kunnen hagu.

"Mu kaf zuri'armu ba mai fushi haka," in ji Hajja. "Wannan ta gidan ubanta ce, sak."

Babakura ya waiwayo. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Haka mahaifiyata take yi in an ɓata mata rai," ya ce. "Rabona da ganin wannan tun Bama."

Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya yi mata alkawarin gobe za su koma wurin Manasse a mayar mata da hancinta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da hoton da ya sa jaririn maƙwabta kuka, ko mai keken da ya gudu ya bar ka a titi. Wanda kuma ya ce zai ɓata wa 'yarsa rai da gangan don ya ga ta wa ta ɗauko, shi ya jiyo. Ni dai ba na zuwa rarrashi.