Kwat Ɗaya, Kai Babu

Zamanin aikin dam na Bakolori, Mafara na tashe, kowa da abin yi. Ni ma na sayi kyamara hannun kukun wani Bature. Ban taɓa ɗaukar hoto ba, amma na sha ganin Baturen na riƙe tashi a cibiya yana kallon ƙasa. To mi ya rage?

Sai ga bikin sallamar 'yan aji biyar. Anka kunna garmaho, samari na ta rawa, ni kuwa na kafa kujerar ɗaukar hoto gindin darbejiya. Kwat ɗaya gare su, ta malamin lissafi, da takalmi mai tudu. Wanga ya tuɓe, wancan ya saka.

Lawali ɗan Janbako, wanda zai kai ma innarshi hoton ta ga ɗanta ya zama mutum, yac ce, "Mai hoto, ba ka sa ido ga ramin nan?"

Nac ce, "Ƙanena, wannan na 'yan koyo ne. Ɗaga haɓa!"

Ashe kyamarar Bature daban, tawa daban. Da anka wanko hotunan daga Gusau, kowanne daga wuya ya fara. Lawali ya jujjuya su yac ce, "To wanne ne ni?" Nac ce ya zaɓi wanda ya kwanta mashi.

Inna ta duba tac ce, "Allah ya jiƙan mai kwat."

Yau Lawali har da jikoki, amma in na ɗaga waya don ɗaukar hoto gidan biki, sai ya dafe hula: "Jama'a ku duƙa, ga Sarkin Fawa!"